Saitin ƙaramin jirgi da takunkumin sararin samaniyar Yerwa

Ƙaramin jirgi mai saukar ungulu da ake tuƙawa da rimot ba ya natsuwa a sama sai da saiti. Yayin da babbar farfela ke juyawa, gangar jikinsa kan nemi juyawa ta ɗaya ɓangaren, farfelar wutsiya ce ke riƙe shi bisa umarnin na'urar jairo. In aka cika wa jairo ƙarfi, wutsiya ta dinga kaɗawa. In aka rage da yawa, jirgin ya karkace. A Yerwa kuwa, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 kan rage kaurin iska, sai an ƙara wa fikafikai kwana kafin jirgi ya ɗaga.

Sai dai saiti ba ya kammaluwa a ƙasa. A Janairun 2025 rundunar Operation Hadin Kai ta haramta tashin jirage marasa matuƙi a Borno, Yobe da Adamawa, bayan 'yan ta'adda sun fara kai hari da su. Hujjar tsaro a fili take. Amma keɓaɓɓen fili guda, ƙarƙashin kulawar sojoji da hukumar NCAA, zai sama wa ɗaliban injiniya na Jami'ar Maiduguri wurin gwaji.