Awon ƙarfin tsotsa

Kun taɓa ganin wanzami yana yin ƙaho? Yakan kafa ƙahon bisa bayan mutum, ya tsotse iskar da ke ciki, ya toshe ɗan ramin. Sai ƙaho ya kama fata gam. Mi ya riƙe shi? Iskar waje ce. Iska tana da nauyi, tana danna kowane abu. In an rage ta cikin ƙaho, sai ta waje ta fi ƙarfi, ta danne shi. Wannan shi ne tsotsa. Haka famfo yake aiki, haka ma injin shara mai zuƙe ƙura.

Ana iya auna ƙarfin tsotsa da ruwa. Ku samo dogon tiyo wanda ake ganin cikinsa, da bokiti, da metir. Ku zuba ruwa mai tsabta cikin bokiti, ku tsoma bakin tiyo ɗaya, ku miƙar da sauran tsaye jikin bango. Ɗayanku ya tsotsa ta ɗaya bakin. Ruwa zai hau, ya tsaya. Ku auna daga fuskar ruwan bokiti zuwa inda ya tsaya. In kun samu santimetir 80, ƙarfin tsotsar ke nan: santimetir 80 na ruwa. Injin shara mai kyau yakan ɗaga ruwa wajen metir 2.

Amma abin yana da iyaka. Ko an zuƙe iskar tiyo duka, ruwa ba ya wuce wajen metir 10, don ƙarfin iskar waje a nan ya ƙare. Wani masani na ƙasar Italiya, Toriceli, ya gane haka a shekarar 1643. Shi da zaiba ya yi gwajinsa. Zaiba ta fi ruwa nauyi fiye da sau 13, saboda haka ta tsaya a santimetir 76.

Manoman rani su kula da wannan. Famfo mai tsotsa yana jan ruwan tabki ko na rijiyar fadama, amma da wuya ya wuce metir 7 ko 8, don ba ya zuƙe iska duka. In rijiya ta yi gaba ashirin, ba zai kawo ko ɗigo ba. Sai an saukar da famfon can ƙasa, ya turo ruwan sama.

Ku auna zurfin rijiyar garinku da igiyar guga. Famfo mai tsotsa zai yi aiki a kanta?