Dalilin Tsadar Keken Hawan Duwatsu

A Tungan Maje ta ƙaramar hukumar Gwagwalada, keke abin kai doya kasuwa ne. Amma akwai keken hawan duwatsu da kuɗinsa ke haura Dala 10,000.

Dalili kuwa, da zaren kabon ake gina jikinsa, ana jera shi da hannu falle-falle. Giya da birki daga kamfanoni ƙalilan suke fitowa, irin su Shimano na Japan da SRAM na Amurka. Kaɗan ake ƙerawa, saboda haka 'yan tsirarun masu saye ke ɗaukar nauyin kuɗin bincike.

Bayan sakin Naira a Yunin 2023, Dala ta tashi daga kimanin N460 ta haura N1,500 a 2024. Mai niyyar shigo da shi ya sami mai saye tukuna, kada jarinsa ya kwanta.