Bindigar toka

Bindigar toka, wadda ake kuma kira harba-ka-ruga ko baushe, bindiga ce mai dogon baki da ake ɗura mata albarushi da harsashi ta baki. Sau ɗaya take tashi, sai an sake ɗuri. Maƙeran gargajiya ne suke ƙera ta da hannu, maharba kuma su ne manyan masu amfani da ita a ƙasar Hausa, ciki har da garuruwan gabashin Jihar Kano irin su Gaya da Ajingi. Babban abin da ya raba ta da bindigar masana'anta shi ne rashin ma'auni ɗaya. Da wuya a sami guda biyu masu faɗin baki iri ɗaya, don haka kowane maharbi shi ne yake sanin cin bindigarsa.

Suna

Kalmomin da suka shafi wannan makami yawancinsu aro ne daga Larabci. Bindiga ta fito ne daga bunduƙiyya, albarushi daga al-barud, harsashi kuma daga ar-rasas, wato dalma. A albarushi ana iya ganin yadda Hausa ta haɗiye al- ta Larabci ta mai da ita jikin kalma, kamar yadda ta yi a alƙalami da albasa. Wannan aro yana nuna cewa Hausawa sun san bindiga ta hanyar Barno da fatauci na hamada, ba sai da Turawa suka zo ba.

Harba-ka-ruga kuwa ƙirƙirar Bahaushe ce tsantsa, kuma ta faɗi gaskiyar makamin: idan an harba dabba ba ta faɗi ba, babu lokacin sake ɗuri, sai ƙafa. Da Turanci ana ce mata Dane gun, saboda 'yan kasuwar ƙasar Denmak da suka riƙa sayar da irinta a gaɓar tekun Ghana ta yau, inda suke da sansani a Osu, cikin birnin Accra.

Tarihi

Littafin Tarihin Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga ƙasar Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne sarkin Kano na farko da ya kafa rukunin 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ragowar wannan al'ada ce ake gani a hawan Sallah, inda 'yan bindiga suke buga albarushi zalla, ba harsashi, don ƙara da hayaƙi. A ƙarni na 19 Damagaram ta yi fice a wannan fanni, musamman zamanin Sarki Tanimu, lokacin da ake haɗa albarushi da ƙera manyan bindigogi a birnin Zinder.

A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels wadda ta taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, amma ta bar tsofaffin bindigogi masu ɗuri ta baki. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa makamin da Turai ta daɗe da yin watsi da shi ya ci gaba da rayuwa a Afirka ta Yamma. Da farko maƙera gyara kawai suke yi, daga baya suka koma ƙera ta gaba ɗaya.

Gaya da sana'ar ƙira

Gaya tsohon gari ne da sunansa ya daɗe da haɗuwa da ƙira. Tarihin baka yana cewa Abagayawa, maƙeran da ake ɗauka a matsayin mazauna Kano na farko, daga Gaya suka tashi suka je Dutsen Dala neman tama. Wannan labari na ƙarfe ne, ya riga bindiga da ɗaruruwan shekaru, amma yana nuna zurfin sana'ar a yankin. A tsarin masarautu na 2024, Gaya da Ajingi da Albasu ne suke ƙarƙashin masarautar Gaya.

Ƙasar nan ta noma ce, gonaki sun cinye yawancin daji, manyan namun dawa kuma sun ƙaura tuntuni. Abin da maharbi yake samu kusa da gida shi ne zomo, makwarwa, gafiya, damo da tsuntsayen fadama. Mai neman abin da ya fi haka sai ya yi tafiya, wani lokaci har kudancin Najeriya. Ya kamata a bambanta maharbi da ɗan farauta. Maharbi yakan fita shi kaɗai ko su biyu, sau da yawa da dare da fitilar goshi. 'Yan farauta kuwa ayari suke fita da rani, da karnuka da gora da kiɗa.

Ɗuri

A nan ne gwanintar take. Maharbi yakan zuba albarushi ta bakin bindiga, ya bi shi da tsumma ko ɓawon itace mai laushi, ya danna da sandar ɗuri, sannan ya sa harsashi ya sake toshewa. A tsofaffin bindigogi ƙanƙarar dutse ce take ba da tartsatsi idan an ja kunama, daga baya aka koma amfani da 'yar hula mai kamawa da bugu. Harsashin ya danganta da abin da aka fita nema: ƙananan ƙwayoyi masu watsuwa don tsuntsu, dunƙulalliyar dalma don babbar dabba.

Babu rubutaccen awo. Yaro yana koya ne daga mahaifinsa ko maigidansa, kuma awon da ya dace da bindiga ɗaya yana iya fasa wata. Cikin bututun santsi ne, ba shi da zanen murɗiya da ke sa harsashi juyawa, saboda haka ba ta da saiti daga nesa. Dole maharbi ya iya sanɗa ya matso kusa. Hayaƙin da ke tashi bayan harbi yakan rufe masa ido na ɗan lokaci, damina kuma abokiyar gaba ce, domin albarushin da ya sha danshi ba ya kamawa.

Hatsarin a fili yake. Bututun da ba don harbi aka yi shi ba yana iya tsagewa, haka wanda tsatsa ta ci. Mantawa a yi ɗuri a kan ɗuri, ko zuba garin harsashin zamani wanda ya fi albarushi ƙarfi nesa ba kusa ba, yana jawo asarar yatsu ko ido ko rai.

Kwatanci da wasu ƙasashe

A Amurka akwai maharba da suke ƙirƙirar harsashin da babu shi a kasuwa, su sa a ƙera bindigar da ta dace da shi, su riƙa cika kwanson da hannu. Ana kiran irin wannan harsashi wildcat. Misali shi ne .458 Lott a farkon fitowarsa, wanda Jack Lott ya tsara a 1971 don manyan namun Afirka, bayan da ɓauna ta taɓa ji masa rauni a Mozambik. Kamannin su da maharbin Gaya shi ne kowannensu shi yake haɗa abin harbinsa. Sai dai wancan yana da sikeli da littattafan awo da ƙarfen da aka gwada ƙarfinsa, wannan kuwa ido da hannu da gado yake dogara da su.

Doka da tsaro

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku, masu ɗuri ta baki suna a kashi na uku. Lasisin riƙe su yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ƙera su kuma yana buƙatar izinin Sufeto Janar. Ƙirar da ba ta da izini laifi ce, ko da a gidan maƙera aka gaje ta.

Matsalar tsaro ta sauya yadda ake kallon makamin. A 2014 maharba masu irin wannan bindiga sun taimaka wa sojoji wajen ƙwato garin Mubi daga hannun Boko Haram, kuma 'yan sintiri a ƙauyuka da dama da ita suke gadi. A gefe guda, ganin ta a hannun baƙo yakan jawo zargi. A ƙarshen watan Maris na 2025, an kashe maharba 16, yawancinsu 'yan Jihar Kano, a garin Uromi na Jihar Edo. Suna kan hanyar komawa gida yin Sallah daga Fatakwal ne lokacin da 'yan sintiri suka tare motarsu, suka ga bindigogin toka a cikin kayansu, aka ce masu garkuwa da mutane ne.