Ta Inda Agogo Ke Kuɓuce wa Mai Shi

Mai noman rani a fadamar Miga, ko masunci a Kogin Haɗeja, sau da yawa agogonsa yana aiki garau yake rabuwa da shi: zamewa yake yi ya faɗa ruwa ko laka. Kafin ranar, sarƙar ta daɗe tana ba da alama. Sai dai in mutum ya je wurin mai gyara, iyakar abin da zai ce shi ne "sarƙa ta lalace", a sayar masa da sabuwa, alhali ɗan ƙarfe ɗaya ne ya gaji.

Sarƙar gaɓa-gaɓa ce, kuma fil ne ke haɗa kowace gaɓa da 'yar'uwarta. Juya cikinta, za ka ga ƙananan kibau a jikin wasu gaɓoɓin. Su ne ake iya cirewa in sarƙa ta yi yawa, kuma inda kibiya ta nuna, can ake tura fil ya fita.

Makullin sarƙar ya fi sassa. Akwai fallayen ƙarfe masu lanƙwasa da ke naɗewa, akwai murfin da ke danne su, wani kuma da ɗan harshe a bisa murfin ko maballai biyu a gefe. Kamfanin Cartier na Faransa ne ya fito da makulli mai naɗewa wajen 1910, kuma dabarar ta yi: ko ya ɓalle, agogo yana nan rataye a wuyan hannu kamar munduwa. Ramukan da ke jere a gefen murfi ba ado ba ne. Hannu yakan ɗan kumbura da bazara ya saki da hunturu, sai a matsar da sarƙa rami ɗaya ba tare da an cire gaɓa ba.

A ganina, babban mai laifi shi ne wanda ba a gani: siririn bututu mai sifirin a ciki, wanda ke maƙale sarƙa tsakanin ƙahonin agogo, wani kuma a cikin makulli. Gumi da ruwan fadama suna shiga, sifirin ya yi tsatsa, rannan a ɗaga fartanya ko a ja taru, shi ke nan. Tsawonsa da milimita ake aunawa, galibi 18, 20 ko 22. Casio F-91W, ɗan baƙin nan na roba da ya fito a 1989, tazarar ƙahoninsa 18 ce. In mai gyara ba shi da daidai zai cusa gajere, gara ka haƙura sai wata kasuwar.

Makullin da ke buɗe kansa kuwa, yawanci fallen ciki ne ya miƙe. A ɗan ƙara masa lanƙwasa da filaya, zai koma yana cewa ƙas. Bayan aikin ruwa, a ɗauraye sarƙa da ruwa mai tsabta, a goge lungunanta da tsohon buroshin haƙori, a bar ta ta bushe kafin a mayar da ita hannu.