Kanwar Arewa, Manjan Kurmi, Da Sunayen Da Ke Ka Da 'Yan Makaranta

Duk magidancin da ke neman abinci a Agege, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal, ya kuma bar ɗa a makarantar sakandare can gida, ya san irin saƙon da kan iso shi in jarrabawa ta matso: a aiko kuɗin littafi, a aiko kuɗin rajista. Uban yakan aika, yana fatar wata rana yaron ya zama likita ko mai ba da magani a asibiti. To, duk waɗannan ayyuka ba a shigarsu sai an ci darasin kimiyyar haɗa magunguna, watau kemistiri, a jarrabawar WAEC ko NECO. A cikin darasin nan kuwa akwai wani kwazazzabo da yara kan faɗa, shi ne na sunayen sinadarai masu kabon.

A ɗauki yaron da ya tashi a Kumagannam, cikin ƙaramar hukumar Yusufari, can arewacin Jihar Yobe wajen iyakar Nijar, aka kai shi sakandare a Nguru ko Gashuwa. Mai yiwuwa da Barbarci ko Fillanci ya buɗe baki, ya tsinci Hausa a kasuwa, ya gamu da Turanci a aji. Sa'an nan rana ɗaya malami ya cika allo da sunaye masu tsawo kamar igiyar guga, da lambobi a tsakiyarsu. Abin da yaro kan yi shi ne ya haddace su kamar waƙa. Ran jarrabawa sai a kawo wanda bai taɓa gani ba, hadda ta ƙare.

Alhali kuwa sunayen nan ba a yi su don hadda ba. Bahaushe ya riga ya san irin wannan suna. In aka ce Ɗanjuma, an san ran Juma'a aka haife shi. In aka ce Gambo, an san tagwaye ya bi. Tanko kuwa mata ne a gabansa. Sunan da kansa ke ba da labarin mai shi. Haka masana suka shirya nasu. A da kowa yakan laƙaba wa abin da ya gano sunan da ya ga dama, har abin ya rikice, sai suka yi taro a birnin Janeba na ƙasar Suwizalan cikin 1892 suka tsai da ƙa'ida. Ƙungiyar IUPAC, wadda aka kafa a 1919, ita ke riƙe da ƙa'idar har yau, da ita kuma ake yi wa yara tambaya.

Ga yadda abin yake, an rubuta sunayen yadda bakin Bahaushe ke faɗinsu, ko da yake a takardar jarrabawa da rubutun Turanci ake sa su. Kabon, watau asalin gawayi, kowace ƙwayarsa tana da hannu huɗu, da su take kama 'yan'uwanta su yi sarƙa. Farkon suna yana faɗin yawan kabon da ke cikin sarƙar: met ɗaya, et biyu, furof uku, but huɗu, daga biyar zuwa sama kuma yawanci ƙidayar Girkawa ce, fent, hekz, heft, okt. Iskar nan da kan taso ɓul-ɓul daga ƙarƙashin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawa ke ruɓewa, ita ce metan, kabon ɗaya tak. Gas ɗin girki na tukunya furofan ne da butan. Shi but ɗin nan ma daga sunan man shanu aka samo shi a harsunan Girkawa da Rumawa, gama sinadarin da ke sa man shanu wari in ya daɗe kabon huɗu gare shi.

Ƙarshen suna kuwa shi ke faɗin dangi. Kamar yadda a da akan dubi tsagar fuskar mutum a ce wannan Babarbare ne, wancan Bagobiri, haka kowane dangin sinadari ke da 'yar alama maƙale a jikin sarƙarsa, ita ke ba shi halinsa. In kabon biyu suka riƙe juna da hannu bibbiyu, ga etin, iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa su nuna. In da hannu uku-uku ne, ga etayin, wadda ke tashi in mai walda ya zuba wa kabayid ruwa. Masu sayar da ayaba da mangwaro sun san kabayid ɗin nan sarai, hukumar NAFDAC kuwa ta sha gargaɗi a kan nunar da kaya da shi.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne dangin da sunansu ke ƙarewa da ol. Etanol shi ne ke cikin giya, yana kuma cikin ruwan tsabtace hannu na asibiti. Metanol ƙanensa ne, kabon ɗaya kurum ya rage masa. A ido ruwa ɗaya ne, wari ma kusan ɗaya, a rubuce harafi ɗaya ya raba su. Amma in metanol ya shiga ciki, hanta takan juya shi ya koma metanal, watau maganin nan da ake adana gawa da shi, daga nan ya koma tsamin metanoyik, shi kuwa yakan kashe jijiyar ido, in ya yi yawa ya kashe mutum. Mazauna Kurmi ba su manta da 2015 ba. A watan Afrilu na shekarar mutane aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta Jihar Ondo, wasu bayan sun makance, aka kuma gano ogogoro ne mai metanol. Ba a daɗe ba gommai suka bi su a Jihar Ribas. Wanda ba ya sha ma bai tsira daga sanin wannan ba, don sifirit ɗin da ake sayarwa na ƙonawa da goge kaya da gangan akan garwaya masa metanol. Yaron da ya gane cewa ol kan koma al, al kuma ya koma oyik, ya riga ya ci rabin babin, ya kuma iya karanta takardar da ke jikin kwalba.

Lambobin da ke tsakiyar suna ba wani abin tsoro ba ne, lambar gida ce. A nemi sarƙar da ta fi tsawo, a fara ƙirga daga gefen da ya fi kusa da alamar dangi, a rubuta inda take. Shi ke nan.

Abin takaici, yawancin kayan da darasin ke magana a kai suna zube a kasuwar garin yaron, amma ba kasafai akan nuna masa su ba. Jirgin ƙasa ya isa Nguru daga Kano a 1930, gyaɗa da ƙaro na cikin manyan kayan da ya riƙa kwasowa. A cikin man gyaɗa akwai wani tsami mai kabon 20 wanda daga sunan gyaɗar na masana ilmin tsiro aka raɗa masa suna, a cikin ƙaro kuma akwai wani irin sukari da ake kira arabinos, shi ma daga sunan ƙaron a bakin Turawa. Takin yuriya da manomi ke saye, shi ne wanda Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa a ɗakin gwaji cikin 1828, lokacin da ake zaton sai jikin mai rai ke iya yin irinsa. Tsamiya, lemon tsami, nono mai tsami, duk dangin oyik ne. Malamin da ya shiga aji da ƙwaryar kayan nan ya fi wanda ya cika allo.

Sai kanwa, wadda ake haƙowa a kwarurukan ƙasar Manga, har da yankin Yusufari, fatake kuma suke kawo ta Kurmi. Yarabawa na ce mata kaun, Ibo na cewa akanwu. Ita kanta ba ta cikin wannan babi, ko da yake akwai kabon a jikinta. Ɓangaren gishiri da duwatsu aka sa ta. Amma aikinta yana ciki. Man gyaɗa da manja da man shanu duk dangi ɗaya ne, ana ce musu esta, watau auren tsami mai doguwar sarƙa da wani ɗan dangin ol mai suna gilisarin. In aka dafa mai da ruwan toka ko soda, auren ya mutu, sai a sami sabulu. Haka mata ke yin sabulun salo tun kafin a buɗe makarantar boko. Matar Ibo da ta sayi kanwa wurin Bahaushe a kasuwar Anacha, ta jiƙa ta, ta tsiyaya ruwan cikin manja, takan ga man ya yi kauri ya koma rawaya nan take. Ruwan kanwa ne ya kama tsamin da ke yawo cikin manjan, babbansu mai kabon 16, ya mai da shi ɗan sabulu mai haɗa mai da ruwa. Da wannan miya ake cin abacha, sunanta kuwa a harshen Ibo ncha, kalmar da suke kiran sabulun wanka da ita.