Kafin a Tura Jirgi Cikin Kwazazzabo: Jan Hankali ga Matasan Kagoro da Kafanchan

Ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga duwatsun Kagoro ba ya yin nisa kafin ya nuna halinsa. A Matsirga, kusa da Madakiya a gefen Kafanchan, yana subucewa daga kan dutse ya faɗa ƙasa kusan mita 30, sannan ya shige wani matsattsen kwari tsakanin duwatsu da itatuwa. Duk lokacin bikin Afan na 1 ga Janairu baƙi na cika Kagoro, su hau dutse, su gangara kallon ruwan. Yanzu kuma da waya ta kawo mana hotunan Turawa cikin jiragen roba na hurawa suna ratsa kwazazzabai, kwana da kwanaki suna yada zango a bakin kogi, an fara jin samari suna cewa mu ma ai muna da ruwa da duwatsu, me zai hana? Sha'awar ba laifi ba ce. Sai dai abin da hoton ba ya nunawa shi ne watannin da aka ɓata a tudu kafin jirgin ya taɓa ruwa.

Kogin da ke cikin kwazazzabo ya bambanta da na fili ta wata fuska guda wadda ta rinjayi komai: babu mafita. A fadama, idan kwalekwale ya fashe, sai ka ja shi gaɓa ka taka zuwa ƙauye. Tsakanin bangon dutse biyu kuwa, baya ba ta komuwa saboda ƙarfin ruwa, sama ba ta hawuwa, waya ba ta samun sabis. Abin da ka manta a gida ka rabu da shi ke nan har ƙarshen tafiya.

Labarin John Wesley Powell ya isa misali. Tsohon soja ne Ba'amurke mai hannu ɗaya, wanda ya tashi daga garin Green River ranar 24 ga Mayu, 1869, su goma cikin jiragen katako huɗu, da guzurin wata goma, da nufin bin kogi har ya ratsa Grand Canyon, kwazazzabon da zurfinsa ya kai kusan mita 1,800 a wasu wurare. Tun a watan Yuni jirgi ɗaya ya dagargaje a kan duwatsu, ya tafi da kaso mai yawa na abincinsu, kuma a cikinsa ne aka tara na'urorin awon da tafiyar ta dogara da su. Mutum ɗaya ya haƙura tun da wuri. Wasu uku suka yanke ƙauna a ƙarshen Agusta, suka hau dutse da ƙafa, ba a sake ganinsu ba. Kwana biyu kacal bayan rabuwar, sauran shidan suka fito lafiya. Da ukun nan sun san iyakar abin da ya rage a gabansu, da ba su bar jirgi ba. Rashin sanin hanya ne ya ci su, ba ruwa ba.

Yau masu bin kogin da ke ratsa Grand Canyon daga Lees Ferry zuwa Diamond Creek, tafiyar kimanin kilomita 360, sukan yi mako biyu zuwa uku ko fiye. Wanda zai je da jirginsa sai ya shiga ƙuri'ar neman izini, tsarin da hukumar wurin ta fara a 2006, kuma ana duba kayansa kafin ya tashi. Ko toka da bayan gida ba a bari a can, a cikin akwati ake fitowa da su. A nan Afirka, kwazazzabon Batoka da ke ƙasan faɗuwar ruwan Victoria a kogin Zambezi ya shahara wajen masu jirgin roba tun 1981, amma ko can kamfanoni na dakatar da aiki idan ruwa ya cika ƙwarai. Masu sana'ar ma kalandar ruwa suke bi.

Mu dawo gida. Wuraren da manyan kogunanmu suka fi tsanani yawanci madatsu sun shanye su. Duwatsun Busa da suka halaka Mungo Park a 1806 suna ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Kwazazzabon Shiroro a kogin Kaduna, can ne aka gina madatsar wutar lantarki da ta fara aiki a 1990. Abin da ya rage mana a kudancin Kaduna ƙananan koguna ne masu gangarowa daga tsaunukan Filato, kuma halinsu biyu ne. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan jajur yake, yana jan kututture da gadar katako. A Maris kuwa sai ka tarar da duwatsu tsirara da 'yan gurabe nan da can, ba inda jirgi zai bi. A ganina, idan akwai lokacin da ya dace, to bayan ɗaukewar ruwan sama ne, daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da kogi ya kwanta amma bai ƙafe ba. Wanda ya ce zai shiga kwari da damina ya tuna cewa ana iya tafka ruwa a kan dutsen Kagoro ko can wajen Jos alhali rana na haskawa inda yake, ambaliyar ta iso shi ba sallama. Hasashen da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara da na ambaliya daga hukumar NIHSA kyauta ne, a duba su. Idan kuma akwai madatsa a sama, kamar ta Gurara, a tambayi lokacin da ake sakin ruwa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Babban aikin shi ne taka gaɓar kogin da ƙafa tun da rani, daga inda za a shiga har inda za a fita, ana rubuta kowace faɗuwar ruwa, kowace ƙaramar gada, da duk hanyar da babur zai iya isowa bakin ruwa in an samu majinyaci. Taswirar waya tana nuna kogi daga sama ne, ba ta gaya maka cewa bayan wancan lanƙwasar akwai gangare mai tsayin soro. Wannan ilimin yana wajen masunta da 'yan fito da matan da ke wanki a mashigi. A fara da gaishe da mai unguwa ko dagaci, a faɗi abin da ya kawo ku, a nemi ɗan gari ya yi jagora a biya shi. Akwai wuraren da al'umma ke girmamawa ba a shiga haka kawai. Akwai kuma maganar tsaro, wadda ba sai an faɗa wa mutumin kudancin Kaduna ba: baƙin fuskoki da suka kwana a daji ba tare da sanin kowa ba sun jefa kansu cikin haɗari biyu, na miyagu da na zargi.

Game da kaya, tayar mota da aka hura ko jarkoki da aka ɗaure ba jirgi ba ne. Ana buƙatar jirgin roba mai ɗakunan iska da yawa, domin in ɗaya ya huje sauran su riƙe, da famfo da kayan faci da filafili na ƙari. Jirgi biyu aƙalla, kuma a raba abinci da magani tsakaninsu, darasin da Powell ya saya da tsada. Kowa da rigar ruwa ɗaure tam da hular kwano, har da gwanin iyo, domin dutse ba ya tambayar ko ka iya ninƙaya kafin ya bugi kanka. In aka ji rugugin ruwa a gaba, a tsaya a fita a duba da ido. Abin da ba a gamsu da shi ba, a ɗauki jirgi a ka a zagaye shi ta tudu, ba abin kunya ba ne. Wanda ya faɗa ruwa mai gudu ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, kada ya yi ƙoƙarin tsayawa, don ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu ruwa ya danne mutum. Kada kowa ya ɗaura igiya a jikinsa. Itacen da ya faɗi ya gitta kogi, abin da ya yi yawa a kurmin wannan yanki, ya fi dutse haɗari, saboda ruwa na wucewa ta cikin rassansa amma mutum ba ya wucewa.

Zango a yi shi tun rana na sama, a kan tudu. A ɗaga kai a dubi inda tarkacen damina ya maƙale a rassan bishiya, a kwana sama da nan. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkakewa. Gari da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino ba sa lalacewa, a ƙara na kwana biyu bisa lissafi. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke yaɗa cutar makantar kogi a ruwa mai gudu suke hayayyafa, tsargiya kuma a ruwa mai kwanciya take, don haka riga mai dogon hannu wajibi ce, kuma wanda ya ga jini a fitsari bayan dawowa ya nufi asibiti. A bar wa wani a gida takarda mai sunayen matafiya, wurin kwana na kowace rana, da sa'ar da zai tayar da mutane nema idan bai ji labari ba.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda ke da hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar ruwa. Kifewar jirgi a Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021 da ta yankin Patigi a Yunin 2023, inda fiye da mutum 100 'yan biki suka rasu, sun faru ne a buɗaɗɗen kogi inda ceto ke iya isowa. A kwazazzabo ko wannan damar babu.

Saboda haka matasanmu su fara da tafiyar yini guda a ruwa mai sauƙi, tare da ɗan fito da ya san wurin, su maimaita ta har hannu ya faɗa kafin a yi zancen kwana. Kwarin Matsirga kuwa a bar shi wurin kallo daga tudu. Iyaye da shugabannin ƙungiyoyin matasa, duk wanda ya zo muku da shirin bin kogi, ku tambaye shi inda zai fita in abu ya ɓaci. Idan ba shi da amsa, kada ku ba shi izini.