Me Muka Tura Depite Ya Yi a Yamai?

Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan ɗan majalisa ran da ya sauko gida hutu ya san abin da ake gani. Tun kafin rana ta ɗaga an shimfiɗa tabarmi. Ga dattijo riƙe da takardar magani da ta sha ninki har ta fara yagewa, ga mai suna jibi ba rago, ga wakilan ƙauye da famfonsu ya mutu tun kaka. Kowa da tasa, kuma kowa aljihun depite yake kallo. Ba na ganin laifin kowa, don wanda ciwo ya kwantar wa ɗa ba ya tambayar abin da kundin tsarin mulki ya ce. Amma fa ba wannan aikin muka tura shi Yamai ya yi ba.

Mu ɗauki misali daga gida. Da can mutumin Geceme in yana da wata hulɗa da ofishin perefe, sai ya kama hanyar Dogon Dutse. A 2011 aka yi dokar da ta mai da Tibiri departema mai cin gashin kanta, cikin gyaran da ya kai yawan departemomin Nijar daga 36 zuwa 63, Geceme ta koma ƙarƙashin Tibiri. Ita kanta komin ɗin Geceme, da kansiloli da magajin gari, dokar 2002 ce ta haife ta, aka yi zaɓen farko a 2004. Babu buhun shinkafar da wani ya raba da ya taɓa rayuwar mutanen yankinmu na Dallol Mawri kamar waɗannan takardu biyu, alhali da yawanmu ba mu san ranar da aka ɗaga musu hannu ba.

A tsarin jamhuriya ta bakwai, wanda kundin 2010 ya kafa kuma aka yi aiki da shi har zuwa juyin mulkin 2023, ɗan majalisa aiki uku gare shi: yin doka, amincewa da haraji da kasafin kuɗi, da sa ido kan gwamnati. Daftarin doka kan fito daga gwamnati ko daga ƴan majalisa, ko da yake mafi yawa na gwamnati ne. In ya iso, ba zauren da muke ji a rediyo yake fara shiga ba. Kwamiti ake miƙa wa, na kuɗi, ko na raya karkara, ko na tsaro, gwargwadon abin da ya shafa. A can ne ake kiran minista da ma'aikatansa, a bi takarda aya bayan aya, a ce wannan kalma a cire, wannan adadi a ƙara. Nan ake gane depiten da ya karanta da wanda ya zo ɗumama kujera. Wanda ya san wahalar manomin rake a fadama, ko yadda makiyayi da mai gona ke kai ruwa rana kan burtali, a wannan ɗaki iliminsa ke da amfani. In ya yi shiru a nan, ihun da zai yi gobe gaban kyamara na neman suna ne kawai.

Daga nan sai babban zaure: mai rahoton kwamiti ya karanta, rukunonin jam'iyyu su yi muhawara, a kaɗa ƙuri'a, a aika wa shugaban ƙasa ya sa hannu, shi ma yana da ikon ya ce a sake dubawa.

Sa idon nan kuwa ba wasa ba ne. Ran 31 ga Mayu 2007, ƴan majalisa 62 cikin 113 suka kaɗa wa gwamnatin marigayi faraminista Hama Amadu ƙuri'ar yankan ƙauna, kan badaƙalar kuɗin ma'aikatar ilimin firamare. Abin lura, adawa kaɗai ba ta da wannan adadi. Sai da wasu daga ɓangaren masu rinjaye suka juya masa baya. Faraminista ya sauka, Seini Umaru ya hau. Kuɗin da aka yi rigimar a kansu na littattafai da kayan karatun yara ne, irin yaranmu da ke zaune a ajin zana. Bayan shekara biyu, a Mayun 2009, shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya rushe majalisa sa'ad da rikicin tazarce ya yi zafi. Ba a rushe abin da ba ya tsare wa mutum hanya.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa wa masu zaɓe ba. A majalisar ƙarshe mai kujeru 171, in ka cire takwas na mazaɓu na musamman da biyar da aka ware wa ƴan ƙasa mazauna waje, sauran duk ta jerin sunayen jam'iyya aka zaɓe su, jiha guda mazaɓa guda. Wato a doka babu "depiten Geceme". Akwai waɗanda jihar Doso ta zaɓa, kuma kundin ya ce kowannensu wakilin ƙasa ne baki ɗaya. Sannan wanda ya fice daga jam'iyyarsa ya bar kujera, madadinsa ya hau. An yi haka don a hana yawon siyasa, amma a ganina ya zo da nasa ciwon: mutum ya fi tsoron wanda ke rubuta jerin sunaye a Yamai fiye da tsohuwar da ta dangwala masa a ƙauyen Lido. Shi ya sa sau da yawa kafin a buɗe muhawara an riga an san yadda hannuwa za su tashi.

Tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa a Nijar. Dokoki ta hanyar umarnin shugaban ƙasa suke fita, majalisar da aka naɗa a 2025 kuwa ta ba da shawara ce. Wani abin dariya, a Faransanci sunan wannan umarni ɗaya ne da na takardar maganin nan da dattijo ke kai wa depite.

Duk ranar da ƴan takara suka dawo da motoci da makaɗa, ni dai tambayoyina biyu na tanada wa wanda ya taɓa zama can: wane kwamiti ka zauna, kuma wace aya ka gyara a kasafin kuɗi? Sabon shiga kuwa zan miƙa masa shafi guda na dokar makiyaya, in ce ya fassara mana da Hausa a nan bakin kasuwa, muna ji.